Karatun Zayyanar Filaye da Muhalli a Jami'a: Abin da Ya Ƙunsa da Inda Ake Yin Sa

Daga cikin kwasa-kwasan da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sanya a sabon kundin manhajar da ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, akwai wani da iyaye da ɗalibai da dama ba su taɓa jin sunansa ba. A Turance ana kiransa lanskef akitekca, a wannan maƙala kuwa za mu kira shi ilimin zayyanar filaye da muhalli. Ilimi ne na tsara duk wani sarari da ke wajen gini, kama daga harabar makaranta da ta asibiti, gefen titi, dandali, filin Idi, maƙabarta da wurin shaƙatawa, har zuwa gaɓar kogi, da yankin da zaizayar ƙasa ta cinye, da ramukan da masu haƙar ma'adinai suka tafi suka bari.

Mutane da yawa idan suka ji wannan bayani sai su ce ashe shuka furanni ne. Furanni suna ciki, amma su ne mafi ƙanƙantar kaso na aikin. Abin da ya fi damun mai wannan sana'a shi ne inda ruwan sama zai bi idan ya sauka, da inda mutum zai sami inuwa da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, da irin ƙasar da ke wurin da abin da za ta iya ɗauka, da kuma yadda jama'a za su shiga su fita ba tare da sun yi karo da ababen hawa ba. Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa huɗu ya fahimci dalilin da ya sa ake kwashe shekaru ana karatun a jami'a.

Bambancinsa da maƙwabtansa

Mai zanen gine-gine, wato akitek, aikinsa gini ne: ɗakuna, rufi, ƙofofi da tagogi. Masanin tsara birane shi ke raba gari, ya ce nan unguwar zama ce, can kasuwa, can kuma masana'antu. Injiniya yana lissafin ƙarfin gada da faɗin kwalbati. Masanin lambu ya san tsiro da cututtukansa da takin da yake so. Mai zayyanar filaye yana ɗiban wani abu daga kowannensu, sannan ya haɗa su a kan takarda guda wadda ɗan kwangila zai iya aiki da ita. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ware wa sana'ar gurbinta daban a jerin sana'o'in duniya, kusa da gurbin masu zanen gine-gine da na masu tsara birane.

Inda abin ya samo asali

Gyaran fili don amfanin mutane tsohon abu ne. Farisawa sun shahara da lambun da magudanan ruwa suka raba gida huɗu, salon da Musulmi suka ɗauka suka kai Andalus da Indiya, wanda har yau ake ganinsa a fadar Alhambra da ke Sifen da kuma harabar Taj Mahal. A Faransa, André Le Nôtre ya tsara wa Sarki Louis na 14 lambunan Versailles a ƙarni na 17. Sai dai duk waɗannan na sarakuna ne da masu hannu da shuni.

Sana'ar a yadda aka san ta yau ta tashi ne daga biranen da masana'antu suka cunkushe. Wani marubuci ɗan Sukotlan, Gilbert Laing Meason, shi ya fara amfani da sunan a wani littafi da ya wallafa a 1828, amma wanda ya mayar da shi sunan sana'a shi ne Frederick Law Olmsted na Amurka. A 1858 shi da abokin aikinsa Calvert Vaux suka lashe gasar zayyana filin shaƙatawa na Central Park a birnin New York, fili mai faɗin hekta 341 a tsakiyar gari, wanda aka yi don kowa da kowa. Abin sha'awa, Olmsted bai yi karatun wannan fanni a wata jami'a ba, domin babu inda ake koyar da shi a lokacin. Manomi ne kuma ɗan jarida kafin ya shiga harkar. Aikin da ya yi daga baya a birnin Boston ya fi nuna ainihin sana'ar: wata fadama ce da ƙazantar gari ke kwarara cikinta, take kuma yin ambaliya, ya sake mata fasali ta zama ma'ajiyar ruwa kuma wurin hutawa a lokaci guda.

A 1899 aka kafa ƙungiyar masu sana'ar ta Amurka, a 1900 kuma Jami'ar Harvard ta buɗe kwas na farko a duniya, ƙarƙashin jagorancin ɗan Olmsted. A Turai, kwalejin aikin gona ta ƙasar Norway ce ta fara a 1919. Birtaniya ta kafa cibiyar masu sana'ar a 1929, sannan a 1948 aka kafa gamayyar ƙungiyoyinsu ta duniya, IFLA, a garin Cambridge, inda Geoffrey Jellicoe ya zama shugabanta na farko.

Abin da ɗalibi zai tarar a aji

Zuciyar karatun ita ce ɗakin zane, wanda ɗalibai ke kira situdiyo. A nan ake ba ɗalibi fili na gaske, wataƙila harabar wata firamare ko bakin wani rafi, a ce ya je ya auna shi, ya duba ƙasarsa, ya lura da inda rana ke faɗowa da inda iska ke kaɗawa, ya tattauna da masu amfani da wurin, sannan ya dawo ya zana abin da yake ganin ya dace. Bayan makonni sai ya manna zanensa a bango, ya tsaya gaban malamai da ƙwararrun da aka gayyato daga waje ya kare kowane layi da ya ja. Wannan zama na tantancewa shi ne jarrabawar da ta fi kowace nauyi, kuma a nan ne ɗalibi ke koyon jure suka. Situdiyo yana cin lokaci fiye da duk sauran darussa a haɗe, kwana a ɗakin zane kuwa idan ranar miƙa aiki ta gabato ba baƙon abu ba ne.

A shekarar farko ana fara wa ɗalibi da zanen hannu, da lissafi, da ka'idojin launi da siffa. Ba sharaɗi ba ne mutum ya zo da baiwar zane irin ta mai zana hotuna. Abin da ake so shi ne hannun da zai iya bayyana tunani a takarda, kuma wannan ana koyonsa da yawan yi. Daga nan a shiga manhajojin kwamfuta irin su AutoCAD da SketchUp, da na taswira irin su ArcGIS da QGIS.

Darasin da ya fi ba ɗalibai wuya, wanda kuma shi ne ƙashin bayan sana'ar, shi ne na daidaita tudu da gangare da sarrafa ruwa. Ana koya wa ɗalibi karanta layukan taswira masu nuna tsawon ƙasa, da lissafin yawan ƙasar da za a yanke daga tudu da wadda za a cike kwari da ita, domin kada a sayi ƙasa daga waje ko a biya kuɗin kwashe ta ba dalili. Akwai ƙa'idoji da ake haddacewa. Daɓen da aka shimfiɗa a waje yana bukatar ɗan gangare na santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, in ba haka ba ruwa zai kwanta a kansa. Hanyar keken masu bukata ta musamman kada ta hau fiye da mita ɗaya a cikin kowace mita 12.

Lissafin ruwan sama shi ke buɗe wa ɗalibi ido. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan idan aka yi ruwa mai milimita 50 a dare guda, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, hekta ɗaya ta karɓi lita 500,000, kwatankwacin tankar mai 15 masu ɗaukar lita 33,000. Idan filin siminti ne ko kwalta, kusan kashi tara cikin goma na wannan ruwa zai gangara waje cikin ɗan lokaci. Idan kuwa ƙasa ce mai yashi da ciyawa a kanta, abin da zai fita ba zai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma ba, saura ƙasa za ta shanye. Duk wanda ya daɓe harabar gidansa kaf da siminti ya tura wa maƙwabcinsa na gangare ruwan ne, kuma idan unguwa duka ta yi haka babu kwatar da za ta iya ɗauka. Saboda haka ake koyar da dabarun rage gudun ruwa: kwatar da aka shuka wa ciyawa maimakon siminti, ɗan tafkin da ke riƙe ruwa na 'yan sa'o'i kafin ya sake shi, daɓe mai ƙofofin da ruwa ke ratsawa, da ajiye ruwan indararo a tanki.

Sai darasin tsirrai. Ana so ɗalibi ya san bishiyoyi da ciyayi masu yawa da sunayensu na kimiyya, ya san tsawon da kowace za ta kai, da faɗin inuwarta, da halin saiwarta, da yawan ruwan da take sha. A nan ne ɗan ƙauye yakan sha gaban ɗan birni, domin ya taso ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya tofo da rani, ya san inuwar tsamiya da ta ɗorawa da ta maɗaci, ya san durumi da ceɗiya suna da saiwar da ke tsaga katanga idan aka dasa su kusa da gini. Ilimin jami'a yana ɗora ma'auni ne a kan wannan sani. Darbejiya, wadda aka kawo daga Indiya a zamanin Turawa, ta karɓu a Arewa saboda jure fari da saurin girma, bishiyar turare kuma tana da saurin girma amma tana shan ruwa da yawa, don haka ba ko'ina ake kai ta ba. Ciyawar jema, wadda ake saƙa da ita, tana da doguwar saiwa mai riƙe ƙasa, shi ya sa ake shuka ta a bakin kwazazzabo. A ganina, babu abin da ke nuna ƙarancin masu wannan ilimi a garuruwanmu kamar yadda aka cika harabobin ofisoshi da dogayen bishiyoyin nan masu kama da mashi, su ma 'yan asalin Indiya, waɗanda suke da kyan gani a jere amma ko akuya ba za ta fake a inuwarsu ba.

Akwai kuma darussan ilimin ƙasa da na muhalli, da na kayan aiki kamar dutse, bulo, katako da ƙarfe, da tarihin lambuna da birane, da nazarin halayyar jama'a a fili. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a ƙasa irin tamu. Wurin shaƙatawar da ba a tanadi inda mata za su zauna da yara cikin sakewa ba, ko wurin alwala da salla, ko gurbin masu sayar da abinci, zai zama kufai ko kuma jama'a su sake masa tsari da kansu. A shekarun ƙarshe ana koyar da ƙiyasin kuɗi, da rubuta takardun kwangila, da dokokin filaye da na muhalli. Kamar sauran ɗaliban fannonin fasaha, ana tura ɗalibi horon sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, kafin ya rufe da babban aikin zane na kammalawa.

Inda ake karatun a Najeriya

Shekaru da dama hanyar shiga wannan fanni a Najeriya ta digiri na biyu ce. Jami'ar Legas da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya su ne suka yi fice wajen bayar da digiri na biyu a zayyanar filaye, kowacce a ƙarƙashin sashenta na zanen gine-gine. Sashen na Zariya shi ne mafi daɗewa a ƙasar, domin ya samo asali ne daga tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya tun a shekarun 1950, kafin a kafa jami'ar kanta a 1962. A matakin digiri na farko kuwa, ɗaliban zanen gine-gine da na tsara birane sukan ɗauki darasi ɗaya ko biyu a fannin, sannan su wuce.

Kundin NUC na 2022, wanda aka fi sani da CCMAS, ya sauya wannan tsari. Ya ware zanen gine-gine ya zama babban fanni mai zaman kansa, ya kuma sanya zayyanar filaye a matsayin kwas na digiri na farko a ƙarƙashinsa, tare da wasu irin su zayyanar cikin gida da zayyanar kayan ɗaki. A tsarin kundin, hukumar ce ke tsayar da kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, kowace jami'a kuma ta cike kashi 30 da abin da ya dace da yankinta. Wannan kashi 30 yana da amfani sosai a fannin da muke magana a kai, domin jami'ar da ke Sakkwato, inda damina ba ta wuce 'yan watanni ba, bai kamata ta koyar da tsirrai da magudanai iri ɗaya da wadda ke Fatakwal ba, inda ruwan shekara ke haura milimita 2,000.

Sai dai kasancewar kwas a cikin kundi ba ya nufin kowace jami'a ta buɗe shi. Sai jami'a ta tanadi malamai da ɗakunan zane da kayan aiki, NUC ta aiko da tawaga ta duba ta amince, kafin a fara ɗaukar ɗalibai. Don haka mai sha'awa ya duba kundin hukumar JAMB na shekarar da zai rubuta jarrabawa, ya ga jami'o'in da aka lissafa da darussan da kowacce ke nema. Sharaɗin da ya game kowa shi ne kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi. Kwasa-kwasan da ke ƙarƙashin zanen gine-gine galibi suna neman Fiziks, sannan darussa irin su Labarin Ƙasa, Bayoloji, Aikin Gona da Zanen Fasaha suna taimaka wa ɗalibi ƙwarai bayan ya shiga.

Wanda bai sami gurbi kai tsaye ba, tsohuwar hanya tana nan. Zai iya karanta zanen gine-gine, ko tsara birane, ko ilimin lambu, ko na gandun daji, sannan ya nemi digiri na biyu. Masu sana'ar suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, SLAN, wadda mamba ce a gamayyar IFLA.

A ƙasashen waje

A nahiyar Afirka, Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu tana koyar da fannin tun farkon shekarun 1970, Jami'ar Cape Town tana bayar da digiri na biyu, Jami'ar Aikin Gona da Fasaha ta Jomo Kenyatta da ke Kenya kuma tana bayar da na farko. Daga cikin ƙasashen da ɗalibanmu suka saba zuwa, akwai sashen fannin a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, da Jami'ar Musulunci ta Duniya da Jami'ar Putra a Maleshiya, da jami'o'i da dama a Turkiyya. A Turai sunan Jami'ar Sheffield ta Ingila da ta Wageningen a Holan ya yi nisa.

A Amurka digiri na farko shekara huɗu ne ko biyar. Na biyu shekara biyu ne ga wanda ya karanci fannin tun farko, uku ga wanda ya fito daga wani fanni, sannan sai mutum ya yi aiki a ƙarƙashin ƙwararre ya kuma ci jarrabawar lasisi kafin ya amsa sunan. A Birtaniya ma bayan jami'a akwai matakin gogewa da tantancewa kafin cibiyarsu ta ba mutum cikakken matsayi. Kusan duk waɗannan jami'o'i suna neman kundin zane-zanen mai nema, kuma sau da yawa kundin ya fi takardar sakamako tasiri a wurin masu zaɓe. Abu guda da ya kamata mai fita waje ya riƙe shi ne, tsirran da zai haddace a Ingila ko Holan ba za su rayu a Katsina ba. Lissafin gangare da na ruwa da dabarun zane za su biyo shi gida, ilimin bishiyoyi kuwa sai ya sake shi daga tushe.

Abuja da sauran misalai

Najeriya tana da alaƙa da ɗaya daga cikin manyan malaman wannan fanni, ko da yake ba kowa ya sani ba. Ian McHarg, malami a Jami'ar Pennsylvania, ya wallafa littafinsa mai suna Design with Nature a 1969, inda ya nuna dabarar zana taswirar ƙasa daban, ta ruwa daban, ta tsirrai daban, ta gangare daban, a kan takardu masu ratsa haske, sannan a ɗora su a kan juna a ga inda ya dace a yi gini da inda ya wajaba a bari. Wannan dabara tana daga cikin tushen manhajojin taswira na yau. Kamfanin da McHarg yake ciki yana daga cikin kamfanonin Amurka uku da suka haɗu suka zana babban tsarin birnin Abuja, wanda aka miƙa wa gwamnati a 1979. Shi ya sa tsarin ya bi yanayin duwatsu da kwaruruka, ya kuma bar hanyoyin rafuka a matsayin korayen filaye da ba a gini a kansu. Duk lokacin da aka yanka irin waɗannan filaye aka mayar da su fuloti, ana toshe wa ruwa hanyar da masu tsarin suka bar masa ne da gangan.

Filin shaƙatawa na Millennium Park da ke Abuja, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamba na 2003, zanen Manfredi Nicoletti ne ɗan ƙasar Italiya. A Legas, tsohon gidan yarin Turawa da ke titin Broad ya koma Freedom Park a 2010, bisa zanen Theo Lawson. Dukansu biyu masu zanen gine-gine ne, abin da ke nuna yadda maƙwabtan fannin suka daɗe suna riƙe da aikinsa a ƙasar nan. A Masar akwai misalin da ake koyarwa a azuzuwa: filin Al-Azhar na birnin Alƙahira, mai faɗin hekta 30, wanda Gidauniyar Aga Khan ta gina a kan jujin da aka yi kimanin shekara 500 ana zuba wa shara, aka buɗe shi a 2005. A wajen haƙar ne ma aka tono wani dogon sashe na tsohuwar ganuwar birnin ta zamanin Ayyubawa. A ƙasar Sin kuma, Farfesa Kongjian Yu na Jami'ar Peking ya yaɗa manufar birni mai shan ruwa kamar soso, wadda gwamnatin ƙasar ta ɗauka ta gwada a birane da dama.

Wannan manufa ba za ta zama baƙuwa ga mutumin Kano ba. Kududdufan cikin birni, waɗanda suka samu daga ɗiban ƙasar gini, sun yi ɗaruruwan shekaru suna karɓar ruwan damina. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini, ruwan kuwa bai daina sauka ba. Mai zayyanar filaye ba zai ce a bar kududdufi da shara da sauro yadda yake ba. Aikinsa shi ne ya nuna yadda za a tsabtace shi, a gyara gaɓarsa, a kare yara daga faɗawa, ya ci gaba da riƙe ruwa.

Aiki bayan kammalawa

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce ina za a sami aiki. A ɓangaren gwamnati akwai sashen kula da wuraren shaƙatawa na Babban Birnin Tarayya, da hukumar LASPARK ta Jihar Legas, da ma'aikatun muhalli da hukumomin tsara birane na jihohi. Akwai Hukumar Babbar Ganuwar Bishiyoyi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2015 don yaƙi da kwararowar hamada a jihohi 11 na Arewa, da shirin ACReSAL da Bankin Duniya ke tallafa wa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ayyukan da ke jiran masu wannan ilimi a bayyane suke: kwazazzaban Nanka da Agulu a Anambra da na cikin garin Gwambe, tafkunan da haƙar kuza ta bari a Filato, da unguwannin Maiduguri da ambaliyar madatsar Alau ta shafe a watan Satumba na 2024.

A ɓangaren masu zaman kansu, kamfanonin gina rukunin gidaje, otal-otal, jami'o'i, filayen wasa da kamfanonin zanen gine-gine su ne manyan masu ɗauka. Wasu kan buɗe nasu kamfani, su haɗa zane da gandun renon tsirrai da aikin kwangila. Gaskiyar magana, kasuwar ta fi ƙarfi a Legas da Abuja da Fatakwal, kuma sabon mai digiri zai yi gogayya da masu sayar da furanni na bakin titi, waɗanda mai gida yake ganin sun fi araha. Sau da yawa ma sai an gama gini, kuɗi sun ƙare, sannan a tuna da harabar. Abin da ke bambanta mai digiri shi ne aikin da ɗan bakin titi ba zai iya ba, wato zanen magudanai, lissafin ƙasa, da takardun da injiniya zai amince da su. Wanda ya ƙware a manhajojin taswira kuma yana da ƙarin ƙofa a ayyukan nazarin tasirin muhalli, waɗanda doka ta wajabta wa manyan ayyuka tun 1992.

Kafin ɗalibi ya cike fom, yana da kyau ya ziyarci sashen da kansa ko ya aika wani. Ya tambaya ko NUC ta amince da kwas ɗin, da yawan malaman da fannin ne ainihin abin da suka karanta, ba aro daga wani sashe ba. Ya duba ko akwai gandun tsirrai da kayan safiyo da ɗakin kwamfuta mai aiki. Da yake a Najeriya hukumar ARCON ce ke rajistar masu zanen gine-gine, TOPREC ta masu tsara birane, COREN kuma ta injiniyoyi, ya nemi sashen ya fayyace masa a rubuce inda takardarsa za ta kai shi wajen rajista bayan ya gama. Sannan ya shirya wa kuɗin kayan aiki, domin ban da kuɗin makaranta akwai takardun zane, da kwali da gam na haɗa samfuri, da kuɗin buga manyan zane-zane a kowane zango, da tafiye-tafiyen duba fili, da kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙarfin da za ta ɗauki manhajojin zane, wadda yawanci daga shekara ta biyu ake fara bukatarta.